Bilirubin a Takardar Gwajin Jini: Tambayoyin Masu Shawara da Iyayen Jarirai

Waɗannan tambayoyi ne da ake ta maimaitawa a bakin ɗakin gwaji da kan bencin jiran likita, daga wanda aka miƙa wa takarda ya ga an ja layi a ƙarƙashin wata lamba, har kakar da ta lura idon jikanta ya canza kwana uku da haihuwa. An fara da na manya sannan aka zo na jarirai, domin hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ke da jariri a hannu yanzu ya tsallake kai tsaye zuwa tambayar da ta fara da "Jaririna".

Mene ne bilirubin, daga ina kuma yake zuwa?

Sinadari ne mai launin ruwan ɗorawa da jiki ke samarwa kullum daga tsofaffin jajayen ƙwayoyin jini. Kowace ƙwaya tana yin kusan kwana 120 tana kai iska sassan jiki, in ta tsufa sai saifa ta kama ta ta farfasa. Ƙarfen da ke cikinta jiki yakan adana shi don ƙera sabuwa, wani ɓangare na ragowar kuma shi ne yake zama bilirubin. Babban mutum mai lafiya yana samar da kimanin miligiram 250 zuwa 350 a rana, bai ma san ana yi ba.

Da farko ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa yake hawa bayan wani furotin na jini da ake kira albumin har ya isa hanta. Hanta ta sarrafa shi ya zama mai narkewa, ta zuba shi cikin ruwan matsarmama, wannan koren ruwa mai ɗaci da mahauci ke kaffa-kaffa da shi kada ya fashe a kan nama. Daga nan sai hanji. Launin da bayan gida ke da shi, daga shi ne. Ɗan abin da ya koma jini ya fita ta ƙoda kuma shi ke ba fitsari launinsa.

To bilirubin shi ne shawara?

Shawara ita ce abin da ido ke gani in bilirubin ya taru a jiki: farin ido ya yi ɗorawa, wani lokaci har dasashi da tafin hannu. Alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake alama, kuma cututtuka da yawa ne ke kawo ta. Wanda aka ce masa "shawara ce" an gaya masa rabin magana, saura a gano me ya kawo ta.

Akwai wani ruɗani da harshenmu ya jawo. Cutar da sauro ke yaɗawa, wadda ake yi wa yara rigakafinta a wata tara, da Hausa zazzaɓin shawara ake ce mata. Ta sake ɓulla a Najeriya a 2017, kuma a 2019 ta yi ɓarna a Bauchi, wajen Alkaleri da dajin Yankari. Amma ita ɗaya ce kawai daga cikin masu sa ido ya yi ɗorawa, kuma mafi yawan masu shawara ba ita ke damunsu ba.

Nawa ne adadin da ya dace a jinin babba?

Jimillarsa takan kasance tsakanin 0.3 zuwa 1.2 mg/dL. In an auna da ɗaya ma'aunin, wato µmol/L, kusan 5 zuwa 21 ke nan. Kowane ɗakin gwaji yana rubuta iyakarsa a gefen sakamako, kuma tana ɗan bambanta, don haka a duba ta wannan takardar. Ido ba ya fara nuna launi sai adadin ya kai wajen 2 zuwa 3 mg/dL.

A kula da ma'auni sosai, nan ne mutane ke tayar wa kansu hankali a banza. Na ga magidanci ya shigo gumi na karyo masa, takarda na rawa a hannunsa, saboda ya karanta a waya cewa iyaka 1.2 ce, nasa kuma an rubuta 17. Da aka duba, 17 µmol/L ne, daidai da 1 mg/dL, lafiyarsa ƙalau. Lissafin shi ne a raba da 17. Wasu ɗakunan gwaji na ƙasashen da ke aiki da Faransanci, kamar Nijar da Kamaru, suna rubutawa da mg/L, inda 12 take daidai da 1.2 mg/dL, nan kuma da 10 ake rabawa.

Takardata ta kasa shi kashi uku: total, direct, indirect. Me suke nufi?

Total shi ne jimilla. Indirect shi ne ɗanyen da bai riga ya bi ta hanta ba. Direct shi ne wanda hanta ta gama sarrafawa, yana jiran fita. A jinin mai lafiya bai cika wuce 0.3 mg/dL ba. A takardar Faransanci za ka ga libre, wato indirect, da conjuguée, wato direct.

Ɗauki hanta a matsayin injin niƙa. Gari na iya ƙin fitowa saboda ɗaya daga abubuwa uku: hatsin da ake zubawa ya fi ƙarfin injin, ko injin ya samu matsala, ko bakin da gari ke fita ya toshe. In ƙwayoyin jini na fashewa da yawa, kamar a sikila ko zazzaɓin cizon sauro, ɗanyen ne ke taruwa, indirect ya hau. In hanyar matsarmama ta toshe, wanda aka gama sarrafawa ne ke komawa jini, direct ya hau. In hantar ce da kanta ta kumbura, yawanci duka biyun ke hawa.

Likita ba ya karanta bilirubin shi kaɗai. Yana haɗa shi da ALT da AST, waɗanda ke hawa in naman hanta na lalacewa, da ALP da GGT, waɗanda ke hawa in hanya ta toshe, da kuma yawan jini. Sakamakon da ya zo da total kaɗai bai isa a yanke hukunci da shi ba.

Nawa ya ɗan wuce iyaka, 1.8, amma ba na jin komai. In damu?

In indirect ne kaɗai ya hau, sauran gwajin hanta lafiya, jini bai ragu ba, to mafi kusa shi ne abin da likitoci ke kira Gilbert, sunan likitan Faransa da ya bayyana shi a 1901. Gado ne: sinadarin hanta da ke sarrafa bilirubin yana aiki a hankali. Yana da yawa ƙwarai, kusan mutum ɗaya cikin ashirin, kuma an fi gano shi a samari. Adadin bai cika wuce 3 mg/dL ba, yana hawa yana sauka.

Yunwa, rashin barci, gajiya, ƙarancin ruwa a jiki da zazzaɓi ne ke ɗaga shi. Shi ya sa wasu ba sa ganin ɗorawar ido sai azumi ya yi nisa, bayan salla kuma ta tafi. Ba ya cin hanta, ba ya bukatar magani, kuma shi kaɗai ba ya hana azumi. Sai dai ba mutum ne zai laƙaba wa kansa wannan suna ba. Sai an gwada an ga babu ciwon hanta kuma jini ba ya fashewa. Duba tambayar ciwon hanta da ta G6PD a ƙasa.

Ina da sikila, idona kullum da ɗan launi. Haka zan zauna?

Ƙwayar jinin mai sikila kwana 10 zuwa 20 take yi ta mutu, maimakon 120, don haka hanta kullum tana cikin aikin da ya fi ƙarfinta. Ɗan launin ido a wajen mai sikila abu ne da aka saba gani. Abin da ya kamata shi ne ka san adadinka na lokacin da kake lafiya, ka ajiye takardar. Ranar da aka kwantar da kai, da wannan za a gwada sabon.

Abin da ba a zama a gida da shi: launin ya ƙaru farat ɗaya, ga kasala da haki, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko zazzaɓi. Yawan bilirubin na shekara da shekaru yana daskarewa ya zama tsakuwa a matsarmama, kuma masu sikila suna samun ta tun suna yara. Hoton ciki yana nuna ta.

Zazzaɓin cizon sauro yana kawo shawara?

Yana kawowa, domin ƙwayar cutar a cikin jajayen ƙwayoyin jini take hayayyafa tana fasa su. Zazzaɓi tare da ɗorawar ido, in bilirubin ya haura 3 mg/dL, yana cikin alamomin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke lissafawa na zazzaɓi mai tsanani, wanda allura ake yi masa a asibiti. Ƙwayar kemis ba ta wadatar ba. In fitsari ya koma baƙi kamar lemon kwalba, a yi gaggawa, ƙoda na cikin haɗari. Wanda aka yi wa allurar artesunate kuma, jininsa na iya sake raguwa bayan mako ɗaya zuwa uku, don haka in ido ya sake canzawa bayan sallama a koma.

Me ake nufi da G6PD da nake ji ana ambata?

Sinadari ne da ke kare jajayen ƙwayoyin jini daga lalacewa. Wasu an haife su da ƙarancinsa, kuma wannan gado ya yawaita a Afirka ta Yamma. Ta wajen uwa ɗa namiji ke gadonsa, shi ya sa ya fi bayyana a maza. Mai shi yana zaune lafiya har ranar da ya haɗu da abin da jininsa ba ya so, sai ƙwayoyin su yi ta fashewa cikin kwana ɗaya zuwa uku: ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, jiki ya mutu.

Daga cikin abubuwan akwai magungunan primaquine, dapsone, nitrofurantoin da dangin salfa irin su Septrin, sai kafur ɗin da ake jefawa cikin akwatin kaya, da wake mai faɗi irin na ful da ake ci a Sudan da Masar. Zazzaɓi mai zafi ma yana tayar da shi. Gwaji ɗaya ke nuna shi, amma a yi shi bayan an warware, domin a tsakiyar rikicin yana iya nuna lafiya alhali akwai. Inda wannan gado ya fi yin ɓarna shi ne a jarirai. Duba tambayar kafur.

Bilirubin ɗina daidai yake. Ke nan ba ni da ciwon hanta?

A'a, bai nuna haka ba, kuma wannan ne kuskuren da ya fi ba ni tsoro. Hanta tana da juriya. Tana iya lalacewa shekaru tana sarrafa bilirubin yadda ya kamata. Mafi yawan masu ɗauke da ciwon hanta nau'in B ko C idonsu fari tas, adadinsu daidai, har sai hantar ta ƙanƙance ko daji ya kama ta. Gwajinsu daban ne: HBsAg na B, da gwajin C. Nau'in B ya yi katutu a ƙasashenmu, yana bi ta jini, ta askar wanzami da allurar da aka yi wa wani, ta saduwa, kuma daga uwa zuwa jariri. Yana da rigakafi, wadda ake so jariri ya samu cikin awa 24 na farko. Nau'in C kuma yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyi na mako 8 zuwa 12.

Nau'in A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga, kuma su ne sukan zo da shawara a fili, tare da amai da ƙin abinci. Yawanci suna wucewa da kansu cikin makonni. A 2017 nau'in E ya ɓarke a Diffa da Borno, a wuraren da 'yan gudun hijira suka cunkushe ruwa ya yi ƙaranci.

Fitsarina ya yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari, ga ƙaiƙayi. Mene ne?

Wannan hoton toshewar hanya ne. Bilirubin da hanta ta gama sarrafawa bai samu ya sauka hanji ba, shi ya sa bayan gida ya rasa launi ya koma kamar farar ƙasa. Ya koma jini ya bi ta ƙoda, shi ya sa fitsari ya yi duhu. Tsakuwar matsarmama ce ta fi jawo haka, kuma takan zo da ciwo mai tsanani a saman ciki ta dama. In aka haɗa da zazzaɓi da rawar sanyi, hanyar ta kamu da ƙwayoyin cuta, a tafi asibiti a daren nan.

Dattijon da idonsa ke ƙara ɗorawa a hankali, ba ciwo, yana ta ramewa, shi ne ya fi bukatar hoton ciki da wuri, domin ƙari a bakin hanyar matsarmama haka yake zuwa shiru. Rashin ciwo a nan ba abin kwantar da hankali ba ne.

Magani na iya ɗaga shi?

Ƙwarai. Magungunan tarin fuka uku, isoniazid da rifampicin da pyrazinamide, suna iya taɓa hanta. Rifampicin yana mai da fitsari ja-ja kamar lemo, wannan ba komai. Amma in farin ido ya canza ko amai ya zo, a koma wurin da ake karɓar maganin a ranar. Farasitamol in ya wuce giram 4 a rana ga babba yana ƙona hanta, kuma mutane kan wuce ba su sani ba, saboda yana cikin magungunan mura da na ciwon jiki da ake haɗawa. Atazanavir, na masu cutar ƙanjamau, yana ɗaga indirect har ido ya nuna ba tare da ya cutar da hanta ba. Kada a daina shi sai an yi magana da likita. Giya da jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba suna cikin lissafi, kuma a faɗa wa likita gaskiya in ya tambaya.

Tafin hannun yarona ya yi ɗorawa amma idonsa fari. Shawara ce?

Galibi a'a. Yawan cin manja, karas, mangwaro ko gwanda yana rina tafin hannu da na ƙafa, amma ba ya taɓa farin ido, kuma yana tafiya in an rage. Shawara ta ido take farawa.

Mai ciki ta ga idonta ya yi ɗorawa. Ta jira ranar awo?

Kada ta jira. Ciwon hanta nau'in E da ke wuce wa sauran mutane cikin sauƙi yana iya kashe mace ɗaya cikin huɗu ko biyar in ya kama ta a watannin ƙarshe. Hawan jinin ciki mai tsanani ma yana taɓa hanta ya fasa jini. Akwai kuma wadda ƙaiƙayin tafin hannu da na ƙafa ke hana ta barci a ƙarshen ciki. Wannan ma a gwada ta, domin yana shafar abin da ke cikin.

Jaririna ya yi ɗorawa kwana uku da haihuwa. Kowa na cewa haka jarirai ke yi. Gaskiya ne?

Da gaskiyarsu, amma ba duka ba. Kusan 6 cikin 10 na jariran da suka cika wata tara, da 8 cikin 10 na bakwaini, suna yin shawara a makon farko. An haife su da jini mai yawa, ƙwayoyinsu ba sa daɗewa kamar na manya, hantarsu kuma ba ta gama ƙwari ba. Irin wannan tana fitowa a kwana na biyu ko na uku, ta kai ƙololuwa tsakanin na uku da na biyar, ta tafi kafin mako biyu.

Bambancin jariri da babba shi ne, a jikin babba bilirubin manuniya ce kawai, a jikin jariri kuwa shi kansa guba ne in ya yi yawa. Ɗanyen yana ratsawa cikin ƙwaƙwalwa ya ƙona wasu sassa, kuma abin da ya ƙone ba ya dawowa: kurumta, rashin iya zama ko tafiya, jiki na murɗewa, ko mutuwa. Yara da dama da ake cewa iska ta shafe su tun suna cikin zanen goyo, shawarar makon farko ce ba a gani ba.

Ki duba kwanakin da kyau: uku zuwa biyar. Duk kafin suna suke faɗawa, lokacin da mai jego ke cikin ɗaki, labule a sake, jariri a naɗe cikin shawul da hula, gida kuma hankalinsa na kan rago da 'yan barka. Sau da yawa sai ranar suna da aka fito da shi tsakar gida za a yi masa aski wata gwaggo ta ce, "Kai, wannan yaron idonsa fa?" A lokacin an riga an yi kwana biyu ko uku da wuce lokacin da ya fi sauƙin magani.

Yaya zan duba shi a gida, kuma yaushe zan ruga asibiti?

Kowace safiya a makon farko, ki fito da shi bakin ƙofa inda hasken rana yake, ba ƙarƙashin ƙwan lantarki ko fitilar waya ba. Ki danna yatsa a kan hancinsa ko goshinsa ki ɗaga, ki ga launin wurin kafin jini ya dawo. Ki duba farin ido da dasashi. A baƙar fata launin yana ɓuya, don haka dasashi da ido sun fi faɗin gaskiya. Shawara daga kai take farawa tana gangarowa. In ta kai ciki da cinya ta yi yawa, in ta kai tafin hannu da na ƙafa ta kai inda ake tsoro.

A tafi asibiti nan take in ta fito cikin awa 24 na farko, ko jaririn bakwaini ne, ko ya rage kama nono, ko barci ya yi masa yawa har sai an tashe shi da ƙyar, ko jikinsa ya yi zafi, ko kukansa ya koma siriri mai tsini, ko yana banƙarewa yana mai da kai baya. Na ƙarshen nan alama ce ta cewa abin ya fara taɓa ƙwaƙwalwa, awa ɗaya ma tana da daraja. Ko babu ɗaya daga waɗannan, jaririn da aka ga launi a jikinsa a auna shi, domin ido ba ya iya faɗin adadi.

An ce nasa 12. Ya yi yawa?

Iyakar manya da aka faɗa a sama ba ta aiki a nan. Ana duba adadin tare da awannin da jariri ya yi a duniya, da ko ya cika wata, da ko yana da wata lalura. Adadin 12 mg/dL a jaririn da bai cika kwana ɗaya ba abin gaggawa ne. 12 ɗin a lafiyayyen jariri ɗan kwana biyar yawanci sa ido ne a sake aunawa. Saboda haka ki riƙe lokacin haihuwa har da ƙarfe nawa. In ya doshi 20 ko ya wuce, ana cikin haɗari, kuma bakwaini ko mai zazzaɓi ko mai G6PD yana iya cutuwa a ƙasa da haka.

Mene ne wannan hasken da ake sa jarirai a ƙarƙashinsa?

Shuɗin haske ne da ke ratsa fata ya canza siffar bilirubin ya zama mai narkewa, ya fita ta fitsari da kashi ba sai ya jira hanta ba. Wata ma'aikaciyar jinya ce a asibitin Rochford na Ingila ta fara lura, a shekarun 1950, cewa jariran da take fitarwa rana launinsu na raguwa a inda hasken ya taɓa. A 1958 aka wallafa sakamakon gwajin fitilar farko. Ana tuɓe jariri a bar masa kunzugu kawai, a rufe masa ido, a riƙa ɗauko shi yana shan nono ana mayarwa. Ba ya ƙona shi. Iyaye kan matsa a sallame su saboda suna. A yi haƙuri, ana iya raɗa suna yaro na asibiti.

In adadin ya yi tsanani ko haske bai sauke shi ba, sai musanyar jini: ta jijiyar cibiya ake zare nasa kaɗan-kaɗan ana mayar da wani, har kusan ninki biyu na jinin jikinsa. Jaririn da aka kawo da wuri bai cika kaiwa nan ba.

Ba sai in shanya shi a hantsi in ba shi ruwan gulukos ba?

Rana tsirara tana ƙona fatar jariri, tana zafafa shi ta busar da ruwan jikinsa, kuma minti goma na hantsi ba ya sauke adadin da ya hau. An yi gwaji a Legas, aka wallafa a 2015, inda aka sa jarirai ƙarƙashin rumfa mai wata leda ta musamman da ke tace zafin rana da haskenta mai cutarwa, ma'aikata na auna zafin jikinsu a kai a kai, kuma ya yi aiki ga shawara marar tsanani. Wannan daban yake da shimfiɗa jariri a tsakar gida.

Ruwan gulukos, ruwan gwanda, ɗigon ampiclox da jiƙo ba sa rage komai, sai cika masa ciki su hana shi nono. Ta kashi bilirubin ke fita, nono kuma shi ke sa kashi. A ba shi sau 8 zuwa 12 a yini da dare, kuma kada a matse dakashi a zubar, shi ke wanke baƙin kashin farko.

Me ya haɗa kafur da shawarar jarirai?

Jariri mai ƙarancin G6PD ba sai ya sha komai ba. Kayan da aka ajiye wata da watanni a akwati da kafur, aka ciro aka sa masa, sun isa su fasa masa jini ta fata da numfashi. Haka man shafawa da hoda masu mentol da ake sa wa cibiya, haka lalle. Tunda ba a gwada yawancin jarirai a san wa ke da shi, a raba kowane jariri da waɗannan. Kayan da suka kwana da kafur a wanke su a shanya sosai kafin haihuwa.

Ya wuce mako biyu launin bai tafi ba, amma yana shan nono yana ƙiba.

Sau da yawa shawarar nono ce, marar illa, tana iya kaiwa wata biyu ko uku, kuma ba a yaye yaro saboda ita. Amma duk wadda ta wuce kwana 14, ko 21 ga bakwaini, a auna direct. Ki duba kunzugu: kashin jariri mai shan nono ruwan ɗorawa ne ko kore. In ya yi fari ko ya koɗe kamar kamu, fitsari kuma na rina zane, ana zargin an haife shi da toshewar hanyar matsarmama. Aikin da ake yi mata, wanda ake kira Kasai da sunan likitan Japan da ya ƙirƙiro shi, ya fi yin nasara in an yi shi kafin yaro ya cika kwana 60.

Akwai abinci ko sassaƙen da ke rage bilirubin ga babba?

Babu abincin da ke sauke shi. In an magance abin da ya ɗaga shi, zai sauka da kansa, wani lokaci sai bayan makonni, domin launin ido yana jinkirin bin jini. Saiwar rawaya da ake jiƙa wa masu shawara sananniya ce a gargajiyance, kuma wanda ciwon hanta nau'in A ya kama zai sha ya warke ya gode mata, alhali da ma zai warke. Wanda tsakuwa ta toshe wa hanya ko jininsa ke fashewa kuwa, kwanakin da ya yi yana jiƙo su ne asararsa. Hana mai shawara nama da ƙwai ba shi da tushe. In mai na tayar masa da zuciya ya rage, sauran ya ci abin da ya samu. Abin da ya kamata a guje wa shi ne giya, magani barkatai, da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna.

Ɗana na fari ya yi shawara mai tsanani. Na gaba ma zai yi?

Haɗarin ya fi na sauran, don haka a faɗa wa ma'aikatan awo tun da wuri. Abu biyu ake dubawa bayan G6PD. Na farko rukunin jini: uwa mai O da ta haifi ɗa mai A ko B, jikinta na iya kai wa jininsa hari. Na biyu, wanda ya fi tsanani, uwa mai jini negetif da ɗa mai fozitif. Ɗan fari yakan tsira, na bayansa ne abin ke ci, kowane ya fi na gabansa. Allurar anti-D ce ke hana wannan, ana yi wa uwa cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, wasu asibitoci kuma suna ƙara ɗaya a mako na 28 na ciki. In jikinta ya riga ya koyi kai harin, allurar ba ta da sauran amfani. Sai a haihu a asibitin da ke da fitilar haske da jinin musanya, a fara auna jariri tun ranar farko ba a jira launi ya fito ba.